Fashin Baƙi: Me Ya Sa A-kori-kura Ke Kukan Wayarin Tirela, Kuma Ta Ina Ake Kamo Bakin Zaren?

Duk wanda ya taɓa jan tirela da a-kori-kura irin ta Amurka ya san wannan takaicin. Ka ɗaura, ka cusa fulogi, ka zagaya baya ka ga fitilu duk suna kamawa: siginar hagu, siginar dama, jar wutar birki. Ka hau titi lafiya lau. Tayar baya na faɗawa ramin farko sai ƙararrawa ta buga, rubutu ya bayyana a dashbod. In Chevrolet Silverado ce ko GMC Sierra, abin da za ka gani shi ne "Check Trailer Wiring", wato a duba wayarin ɗin tirela. Ford kuwa takan rubuta "Wiring Fault on Trailer", ko ta ce tirela ta rabu da ita, alhali ga ta nan a madubi tana biye da kai. Kafin ka sami inda za ka tsaya rubutun ya ɓace. Ka ƙara kilomita biyar, ya dawo.

A bakinmu in aka ce tirela, hankali yakan tafi kan DAF ko Mack ɗin da ke ɗauko siminti daga Obajana. Wadda ake magana a nan ƙanwarta ce, wadda ake rataya wa a bayan a-kori-kura: ta ɗaukar dawakai, ta jan kwalekwale, ɗakin kwana mai taya da iyalai ke tafiya hutu da shi, ko shimfiɗaɗɗen bodi da magina ke ɗora wa ƙaramar motar haƙa. A Amurka da Kanada wannan harka ce ta yau da kullum, kuma sau da yawa abin da ake ja ya fi motar da ke jan sa nauyi. Shi ya sa jihohi da dama a can suka wajabta wa tirela birkin kanta da zarar nauyinta ya kai fam 3,000, wajen kilo 1,360 ke nan.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne motar ba ta da ido a ƙeya. Ba ta ganin tirela, ba ta jin nauyinta ta wannan hanyar. Wuta kawai take aunawa, a kan waya ɗaya, kuma daga abin da ta auna take yanke hukunci. Wanda ya gane wace waya ce da abin da ake aunawa a kanta ya gama rabin aikin.

Birkin irin waɗannan tirelolin ba na iska ba ne kamar na manyan motoci, kuma babu tiyon mai da ya taho daga mota. A yawancinsu, cikin kowane durom akwai maganaɗisu na lantarki, faffaɗa, bai kai tafin hannu ba, rataye a jikin wani hannu na ƙarfe. In wuta ta shige shi sai ya manne da fuskar durom da ke juyawa, juyawar ta ja hannun, hannun ya buɗe lainin birki su kama. Wuta kaɗan, kamu kaɗan. Wuta da yawa, kamu mai ƙarfi. Na'urar da ke raba wannan wutar a da sayenta ake yi daban a ɗaura ƙarƙashin sitiyari. Ford ce ta fara saka ta daga masana'anta a manyan a-kori-kurarta samfurin 2005, General Motors ta biyo baya a 2007, yanzu kuwa har Ram da Toyota Tundra ana samun su da ita. Tunda aka haɗa ta da kwamfutar mota, sai ta sami bakin yin magana a dashbod.

Yadda take gane an haɗa tirela shi ne, ko ba ka taka birki ba, tana tura ɗan guntun wuta lokaci-lokaci ta shuɗiyar wayar birki, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa ya ji ko da mutum a ciki. In wutar ta bi ta cikin maganaɗisun ta dawo ta farar waya, wato negatif, daidai yadda ake zato, sai ta ce tirela na nan. In ta ƙwanƙwasa shiru bayan ɗazu an amsa, hanya ta yanke ke nan. In wutar ta kwarara fiye da kima, to shuɗiyar wayar ta taɓa ƙarfen bodi a wani wuri. In kuma ta tarar da wuta a kan wayar alhali ba ita ta tura ba, wata waya mai wuta ta haɗu da ita. Cuta uku daban-daban, amma kusan rubutu ɗaya direba zai gani. Saboda haka saƙon sallama ce kawai daga bakin ƙofa, bai gaya maka ɗakin da mara lafiya yake ba.

Nan ne kuma amsar mai cewa "to ai fitiluna duk suna aiki". Fitilu na da wayoyinsu daban. Soket ɗin da ke jikin bamba baki bakwai gare shi, shida a kewaye ɗaya a tsakiya. In ka ɗaga murfin ka dube shi kamar fuskar agogo, wajen ƙarfe 1 wutar batir ce mai cajin batirin tirela, ƙarfe 3 siginar dama, ƙarfe 5 birki, ƙarfe 7 negatif, ƙarfe 9 siginar hagu, ƙarfe 11 ƙananan fitilun dare, na tsakiya kuma fitilar ribas. Gurbin kowane baki shi ne abin dogaro. Launin waya kuwa yana yaudara, domin tsari biyu ne ke yawo a kasuwa: a ɗaya rawaya siginar hagu ce, kore siginar dama, ruwan ƙasa fitilun dare, a ɗayan, wanda masu ƙera ɗakunan kwana suka saba da shi, ja ce siginar hagu, ruwan ƙasa siginar dama, kore fitilun dare. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne fara negatif, shuɗiya birki. Wanda ya sayi sabon fulogi ya haɗa launi da launi ba gwaji, yana iya wayar gari ya kunna fitilun dare siginar dama ta kama.

Matakin farko ba ya cin ko sisi, kuma yana cikin littafin da ke zuwa da motar, wanda yawancinmu ba ma buɗewa. A raba rigimar gida biyu. Zare fulogin tirela, kashe mota, jira daƙiƙa 10, sake kunnawa. In saƙon ya dawo babu tirela a haɗe, laifin na ɓangaren mota ne. In bai fito ba sai da ka mayar da fulogin, ka juya ka fuskanci tirela. Wanda ke da aboki mai irin motar ko mai wata tirela sai su yi musaya na minti goma, magana ta fito fili. Ina jaddada wannan ne don na ga yadda mutane ke tsallake shi su tafi kai tsaye sayen sabuwar na'ura mai tsada, a ɗaura, a hau titi, ramin farko ƙararrawa ta sake bugawa. An kashe kuɗi, tsugune ba ta ƙare ba.

Daga nan sai mahaɗar kanta, inda fulogi ke shiga soket, domin a nan mafi yawan rigimar take kwana. Ka durƙusa da tocila ka leƙa. Bakin da yake lafiya launin tagulla ne ko fari mai ƙyalli. Wanda ya kamu za ka gan shi da wani kore-kore kamar gansakuka, ko farin gari kamar wanda ke taruwa a kan batir, wani lokaci har da ɗigon ruwa kwance a ƙasan soket ɗin. Ka lura da wannan: bakin birki da na negatif, ƙarfe 5 da ƙarfe 7, su ne a ƙasa, inda ruwa ke taruwa. Wato wayoyi biyun da wutar birki ke bi ta tafi ta dawo su ne suka fi shan jiƙa. A jihohin arewacin Amurka irin su Mishigan da Ohayo da Minesota, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ruwan gishirin nan yana cin tagulla, kuma shi kansa yana ɗaukar wuta daga wannan baki zuwa wancan. Shi ya sa ake samun motar da ke kukan tirela da safe bayan ruwan sama ko bayan an fito daga wanki, babu komai a bayanta, rana na yi ta yi shiru.

Ɓangaren fulogi kuma ciwonsa saki. Kowane rami a cikinsa ƙarfe biyu ne da ke matse bakin soket, kuma yau da gobe sai su buɗe. A tsaye suna taɓawa, a gargada suna saki. A zare fulogin daga mota, a cire batirin tirela in tana da shi, a sa siririn sukundireba a matso su kaɗan, a goge da ɗan sanfefa mai laushi, a fesa maganin wanke mahaɗar lantarki. Murfin soket yana da ɗan haƙori da ke riƙe fulogi kada ya zame. In ya karye, ko igiyar wayar ta yi gajarta har tana ɗamewa a kwana, za ka ji ƙararrawa duk sanda ka karya sitiyari. Wannan alama ce mai kyau a riƙe: saƙon da ke zuwa a kwana yana nuna igiya da fulogi, wanda ke zuwa a rami yana nuna saki ko wayar da ta goge, wanda ke zuwa sai an taka birki yana nuna inda wuta mai yawa ta kasa wucewa ko take zurarewa.

Akwai giris na musamman da ake shafa wa irin wannan mahaɗa, kuma ana yawan yi masa kallon magani. Shi ba ya ɗaukar wuta ko kaɗan, aikinsa korar ruwa. A kan baki mai tsabta da ya matse, shafa kaɗan yana da amfani. A kan kore da tsatsa kuwa, turare ne aka fesa wa wanda bai yi wanka ba.

Yanzu ga farar waya, wadda a ganina ita ta fi kowace wahalar da mutane. Duk wutar da ta tafi tirela, ta fitila ce ko ta birki ko ta caji, dole ta dawo batirin mota, kuma hanyar dawowarta ɗaya ce. A yawancin tireloli farar wayar tana ƙarewa ne a wani sukuru guda da aka ɗaura a jikin ƙarfen gaba, daga nan kowace fitila ta ɗauki negatif ɗinta daga bodi. Sukuru ɗaya, a fili, cikin ruwa da laka, shekara da shekaru. In ya yi tsatsa wutar ba ta haƙura, sai ta nemi wata hanya, kuma hanyar da take samu ita ce ƙwallon ƙarfen da tirela ke hawa a bayan mota, da sarƙoƙin tsaro. A tsaye, nauyin tirela ya danne ƙwallon, komai na aiki, mai gyara ya rantse maka ba matsala. A kan hanya ƙwallon na motsi, ga giris a kansa, haɗuwar tana yankewa tana dawowa sau goma a minti.

Wannan cutar tana da alamun da ba sa ɓuya ga wanda ya san su. Ka kunna fitilun dare ka sa siginar hagu, sai ka ga ta dama ma tana ɗan lumshewa. Ka taka birki, ƙananan fitilun gefe su dushe ko su mutu. Wutar ce ta rasa ƙofa take bi ta cikin wasu ƙwayayen fitila a baibai. Gwajin da ke tona asiri shi ne a sauke tirela daga ƙwallon, a cire sarƙoƙi, a bar fulogi kaɗai a haɗe, ba ƙarfen da ya taɓa ƙarfe. In fitilu suka rikice ko mota ta ce tirela ta ɓace, an kama ɓarawo. Ko kuma a ɗauko wayar jan batir a maƙala ɗaya a casis ɗin mota ɗaya a na tirela, inda aka kankare fenti. In komai ya daidaita nan take, ita ce. Gyaran shi ne a kwance sukurun, a goge wurin har ƙarfe ya yi fari, a sa sabon kai a wayar, a ɗaure tam, sannan a rufe da fenti ko giris. Wanda ke son kwanciyar hankali na dogon lokaci sai ya ja farar waya ta musamman har zuwa maganaɗisun, ya daina dogara da bodi.

A nan ne mitar gwajin wuta ke yi wa mutane ƙarya, ko in ce suke yi mata tambayar da ba ita ba. Waya mai silli ashirin, sha tara sun ruɓe, saura ɗaya, za ta nuna maka bolt 12 cif a mita, za ta kuma yi ƙarar da ke nuna hanya a buɗe take, domin mita kusan ba ta jan wuta. Sai an ɗora wa wayar kaya take durƙushewa. Don haka gwajin gaskiya ana yin sa ne wuta na gudana: a kunna fitilu duka, wani ya matse makunnin birkin tirela na hannu da ke dashbod, kai kuma ka sa bakin mita ɗaya a casis ɗin mota ɗaya a na tirela. Abin da ya kamata ka gani ɗan ƙanƙani ne, ƙasa da rabin bolt. In ka ga bolt ɗaya ko biyu, wannan wutar da ya kamata ta je birki ce take ɓacewa a tsatsa.

Wani tarkon kuma: kada ka auna bakin birki a soket babu tirela a haɗe ka ce mota ba ta ba da wuta. Na'urar ba ta sakin cikakkiyar wuta sai ta ji maganaɗisu a gaba, abin da mita za ta nuna maka lambobi ne masu tsalle-tsalle daga ƙwanƙwasar nan. Haka kuma taka feda a tsaye ba gwaji ba ne. Ford, alal misali, da gangan take rage wutar birkin tirela in gudun mota bai kai kilomita 18 a sa'a ba, don kada a riƙa fizga a cunkoso, amma makunnin hannu bai shiga wannan ragin ba. Da shi ake gwaji.

Lissafin maganaɗisun mai sauƙi ne, kuma yana da daɗin aiki. A durom mai inci 10 ko 12, waɗanda suka fi yawa, kowane maganaɗisu turjiyarsa wajen om 3.2 ce, kuma yana jan wajen amfiya 3 in an ba shi cikakkiyar wuta. Tunda kowanne reshensa daban daga waya ɗaya, aksul ɗaya mai maganaɗisu biyu zai ba ka om 1.6 da amfiya 6, aksul biyu om 0.8 da amfiya 12, aksul uku amfiya 18. In ka sa mita tsakanin ramin birki da na negatif a fulogin tirela ka ga ba hanya sam, waya ta tsinke. In ka ga kusan sifili, ta taɓa bodi. Sai dai a tsakanin nan om ba ya rarrabewa sosai: maganaɗisu huɗu 0.8, uku kuwa ɗan sama da 1, kuma wayoyin mitar kansu suna iya cinye wannan bambancin. Mita mai baki kamar ƙaguwa da ake maƙala wa waya ta auna amfiya ta fi faɗar gaskiya. Inda ake jiran 12 aka ga 9, taya ɗaya ba ta da birki, ko mota ta yi kuka ko ba ta yi ba.

Don gano wace taya ce, ba sai an kwance komai ba. Kamfas ɗin duba alƙibla ya isa. A matse makunnin hannu, a kai kamfas kusa da tsakiyar kowace taya. Inda maganaɗisu ke da rai allurar za ta karkata, inda ya mutu ko gezau. Kunne ma yana aiki, don mai rai yana ɗan gunji. Bayan tafiya da 'yan birki kuma, durom ɗin da ya rage da sanyi a cikin 'yan'uwansa masu ɗumi shi ne malalacin, sai dai a kusanto da bayan hannu a hankali, kada a dafa.

In lissafi ya nuna tirela ce, sai a shimfiɗa kwali a shiga ƙarƙashi. Wurin da na fi zargi shi ne wayar da ke tsallakawa daga tayar hagu zuwa ta dama. Masu ƙera aksul da yawa suna bi da ita ta cikin bututun aksul ɗin, ta shiga ta wani ɗan rami ta fito ta wani. A ciki ba abin da ya riƙe ta, kwance take tana gugar ƙarfe duk juyin taya. Wanda ya taɓa zaro irin wannan wayar ya san kamanninta: roba lafiya lau tsawon kamu biyu, sai wani wuri kamar faɗin farce inda ta siɗe, tagulla na leƙowa, gefen ya yi baƙi saboda tartsatsi. A tsaye wannan tabon yana iya kallon sama bai taɓa komai ba, mita ta ce lafiya. A rami ya yi tsalle ya taɓa bututu, ƙararrawa ta buga. Ba a wahalar da kai wajen gyara ta. A yanke ta ta ɓangare biyu a bar ta a ciki, a ja sabuwa mai kauri ta waje, cikin rigar roba, a ɗaure ta a bayan aksul inda duwatsu ba sa duka.

Sai mahaɗun da ke bayan kowace taya, inda wayoyi biyu na maganaɗisu ke fitowa. Sau da yawa za ka tarar an haɗa su da 'yan maƙalan roban nan masu haƙorin ƙarfe da ke huda waya, ko hular murɗawa irin ta wayarin gida. Waɗannan ba su da abin yi a ƙarƙashin abin hawa. A yanke su, a feƙe waya har inda tagulla ke ƙyalli, domin baƙin ruɓa yana bin cikin roba ya yi nisa, a haɗa da mahaɗin matsewa mai rigar da ke tsukewa da zafi. In duk wannan lafiya, sai a cire durom a dubi maganaɗisun kansa. Fuskarsa gugar ƙarfe take yi, tana cinyewa, kuma in ta cinye har zaren tagullan ciki ya bayyana, zai riƙa haɗuwa da durom duk sanda aka taka birki. Ana canza su bibbiyu, hagu da dama na aksul ɗaya, don kada kamu ya karkace.

Akwai kuma ɗan akwatin da ke gaban tirela mai fil da siririyar igiyar ƙarfe da ake rataya wa a jikin mota. Aikinsa, in tirela ta tsinke a guje, igiyar ta zare fil ɗin, ƙaramin batirin tirela ya tura wuta kai tsaye cikin birki. Dokar tarayyar Amurka kan motocin haya ta ce birkin nan ya riƙe aƙalla minti 15. To in fil ɗin bai zauna daidai ba, ko ruwa ya shiga akwatin, wuta na iya zurarowa kan shuɗiyar waya, mota ta tarar da wutar da ba ita ta aika ba. Cuta ta uku ke nan da aka ambata a sama. Ana iya amfani da shi wajen gwada birki ba tare da mota ba, amma a zare fulogi tukuna don kada wutar ta koma wa na'urar mota ta baya, kuma a mayar da fil ɗin da wuri, maganaɗisu na zafi.

Sababbin motoci sun ƙaro wani kukan, na fitilu. Suna auna wutar da kowace fitilar tirela ke ja don su gaya maka in ƙwai ya mutu. Tsohon ƙwan birki mai zare yana jan wajen amfiya 2, fitilar LED kuwa ɗan kaso kaɗan na wannan, har wata motar ta ɗauka ba fitila a wurin. Akwai mahaɗi na musamman da ake sa wa tsakanin fulogi da soket mai ƙara ɗan nauyin wuta don mota ta gamsu, kuma a kan fitilu ba ni da ja da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi wa wayar birki irin wannan dabarar don a rufe wa ƙararrawa baki. Dashbod zai ce tirela na haɗe, birki kuwa babu, ga tan uku a bayanka a gangara. Tirelar kwalekwale da yawa birkinsu na mai ne da ke kamawa da turin nauyi, ba maganaɗisu, don haka mota ba za ta gan su ba kuma ba laifi ba ne. Masu famfon mai da lantarki ke tuƙawa kuwa sai an zaɓi irinsu a saitin dashbod.

In gwajin farko ya nuna mota, a fara da fiyus, domin layukan tirela na da nasu daban a akwatin da ke ƙarƙashin bonet. Fitilun mota na iya aiki na tirela a mace. Sannan a leƙa bayan soket, inda damin wayar mota ke shiga cikinsa da wani fulogi da ba a gani sai an kwanta, shi ma yana shan ruwa. A bi damin a kan casis a duba inda ya goge ko ya kusanci salansa. A motocin General Motors da yawa akwai ɗan akwatin da ke sakin wutar birkin a ɗaure can ƙasa kusa da safaya, cikin laka, kuma fulogin jikinsa yakan ruɓe kafin shi kansa ya lalace. Sai an wanke duk waɗannan ake zancen sayen na'ura, kuma a lokacin a sa kwamfutar gwaji ta karanto lambar laifin da motar ta ajiye, don ita tana bambance yankewa da haɗuwa, abin da rubutun dashbod ba ya yi.

Wannan magana tana iso mu ta hanyar motocin da ake shigowa da su na hannu daga Amurka. Mutum ya sayi a-kori-kura 'yar Kwatano da ta yi shekaru tana shan gishirin ƙanƙara, bai taɓa ja da ita ko amalanke ba, damina na sauka ta fara kukan tirela. Na taɓa tsayawa a wani garejin da aka kawo irin wannan, mai motar ya riga ya yanke hukunci kwamfuta ce ta tafi, yana tambayar kuɗin wata. Mai wayarin ɗin, dattijo ne, bai ce komai ba ya zagaya baya ya ɗaga murfin soket da ɗan yatsa, ruwa mai launin shayi ya zubo. Ya ce, "Alhaji, zo ka ga kwamfutar taka." Wanda kuma zai haɗa irin wannan motar da tirelar da aka ƙera a kan tsarin Turai ya sani soket ɗinsu daban ne, mai fil zagaye 7 ko 13, kuma Turawa sun raba wayar sigina da ta fitilar birki, Amurkawa kuwa waya ɗaya ke yin duka biyun a kowane gefe. Yanke waya a murɗa a naɗe da salatif ba ya warware wannan, sai da akwatin da ke juya tsarin. Fitilun manyan motoci masu bolt 24 ma ba sa zama a nan.

Saura abin yi in saƙon ya same ka a tsakiyar hanya. Ka ɗauka birkin tirela babu har sai ka tabbatar akwai. Rage gudu, buɗe tazara, nemi fili ka tsaya, zare fulogi ka duba ka mayar har murfi ya kama shi. Sannan a wuri shimfiɗaɗɗe da ba motoci, kana tafiya kilomita 30 zuwa 40 a sa'a, ka ɗaga ƙafa daga totur ka matse makunnin hannu kaɗai ba tare da taka feda ba. In birkin na nan za ka ji tirela ta riƙo motar ta baya. A wannan gudun ne ma ake saita ƙarfin kamu, lambar nan da ke tafiya daga 0 zuwa 10: a riƙa ƙarawa har tayoyin tirela su kusa ƙullewa, sai a rage kaɗan, kuma a sake saitawa duk sanda kaya suka ƙaru ko suka ragu. In ka matse makunnin ka ji motar na tafiya abinta kamar ba a taɓa komai ba, ka sauke tirelar a wuri mai aminci, ka sa wa tayoyinta waigi, ka tafi neman mai wayarin da motar kaɗai.